ZARIYA, MARARRABAR JIRAGEN ƘASA

Kowane yaro ya san mararraba. Ita ce wurin da hanyoyi biyu ko uku suka haɗu, matafiyi ya tsaya ya zaɓi wadda za ta kai shi inda ya nufa. In kun lura, ba a rasa mutane a mararraba. Nan mai fura ta kan aje ƙwaryarta, nan mai rake ya kan kasa rakensa, nan kuma baƙo ya kan tambayi hanya. Sau da yawa ƙauye ya kan tsiro a wurin, har ya zama gari.

To, jirgin ƙasa ma yana da tasa mararrabar. Hanyarsa ita ce dogo, watau ƙarafan nan biyu da a ke shimfiɗawa jere da juna, ƙafafun jirgi su riƙa gudu a kansu. Inda dogo ya rabu, wani ya yi gabas wani ya yi yamma, nan ne mararrabar jirgi. Ku mutanen Batsari da Safana ba ku da dogo a ƙasarku, watakila ma waɗansunku ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Duk da haka akwai wata mararraba wadda ta taɓa aljihun kakanninku shekara da shekaru, ita ce ta Zariya. Labarinta za mu karanta yau.

Yadda Dogo Ya Zo

A Ingila aka fara jirgin ƙasa mai tafiya da ƙarfin tururi yana ɗaukar jama'a da kaya. A shekarar 1825 wani gwanin injuna, sunansa George Stephenson, ya ja jirgi tsakanin garuruwan Stockton da Darlington. Mutane suka ga abin mamaki: inji guda yana jan kayan da dawaki masu yawa ba su iya ja. Dalili kuwa shi ne, ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe mai santsi ba ta shan wuyar mirginawa kamar yadda ƙafar amalanke ta ke sha cikin rairayi.

A ƙasarmu an fara shimfiɗa dogo daga Ikko, watau Legas, a shekarar 1896, ya isa Ibadan a 1901. A nan Arewa kuwa Gwamna Girouard, wanda dā ma injiniyan reluwe ne, shi ya tsaya a kan aikin. Aka fara a 1907 daga Baro, wani gari a bakin Kogin Kwara, domin jiragen ruwa suna iya kawo ƙarafa da injuna har can. Daga Baro dogo ya bi ta Minna, ya haye Kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a shekarar 1911. Dogon da ya taso daga Ikko kuma ya zo ya haɗu da shi a Minna. A 1912 aka gama su biyun suka zama reluwe ɗaya ta Nijeriya. Tsakanin Ikko da Kano wajen mil 700 ne, watau fiye da kilomita 1,100.

Kada ku zaci aikin nan ya zo da sauƙi. A zamanin babu manyan injunan haƙa irin na yanzu. Da diga da shebur da kwando aka sare tuddai, aka cike kwaruruka. Dubban talakawa aka tara ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu kuwa ba da son ransu suka baro gonakinsu ba. Abin ya tsaya wa mutane a rai ƙwarai, har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, ya yi waƙa a kansa, ana kiranta Waƙar Diga. Saboda haka duk sa'ad da kuka ga dogo, ku tuna da gumin mutanen da suka shimfiɗa shi.

Hanyoyi Huɗu

Da fari Zariya tasha ce kawai a kan hanyar Kano. Abin da ya mai da ita mararraba shi ne kuza da auduga da gyaɗa.

A duwatsun Jos akwai kuza, wadda a ke narkewa a shafe gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa. Masu haƙar kuza suna bukatar hanyar fitar da ita zuwa bakin teku. Sai aka ja wani ɗan siririn dogo daga Zariya, aka fara aiki da shi a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali kuwa faɗin babban dogo ƙafa 3 da inci 6. Kun ga ke nan jirgin wannan ba shi iya hawa dogon wancan. Tilas duk kayan da suka zo daga Jos a sauke su a Zariya, lebura su ɗauka da ka su zuba cikin taragun babban jirgi.

Bayan wannan aka ja wani reshe daga Zariya ya yi arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Wannan reshe shi ne ya taka ƙasar Katsina, shi ne kuma ya fi kusa da ku ta wajen kudu da yamma.

To, ku ɗauki alli ku zana a allo. Ku sa ɗigo a tsakiya, ku rubuta Zariya. Ku ja layi zuwa sama ta hannun dama, ku rubuta Kano; daga Kano dogo ya ƙara gaba har Nguru a 1930. Ku ja layi zuwa ƙasa, ku rubuta Kaduna, hanyar Minna da Ibadan da Ikko ke nan. Ku ja na uku zuwa sama ta hannun hagu, ku rubuta Funtuwa, Gusau, Ƙaura Namoda. Na huɗu kuma ku ja shi ƙasa ta hannun dama, ku rubuta Jos. Haka mararrabar Zariya ta ke daga 1929 har zuwa 1957.

A 1957 aka rufe ɗan siririn dogon nan na Jos. Me ya sa? Domin tun 1927 wani babban dogo ya riga ya isa Jos ta Kafanchan, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu. Da masu kuza suka sami jirgin da zai kai kayansu bakin teku ba tare da saukewa da sake lodi ba, sai suka bar tsohuwar hanya. Daga nan hanyoyin Zariya suka koma uku.

Ba Zariya kaɗai ce mararraba ba. Akwai Kaduna, inda dogon Ikko da na Fatakwal suka haɗu. Akwai Minna, da Kafanchan, da Kuru, inda reshen Maiduguri ya tashi, aka gama shi a 1964.

Yadda Jirage Ba Su Karo

Yanzu ga tambaya. Jirgi ba shi da sitiyari kamar mota. Yaya a ke yi wanda za shi Kano ya bi hanyar Kano, wanda za shi Gusau ya bi ta Gusau?

Ga yadda a ke yi. Daidai wurin da dogo ya rabu akwai waɗansu ƙarafa biyu masu sirirín baki, suna motsi kamar harshe. Ƙafar jirgi kuwa tana da leɓe ta ciki, wanda ke riƙe ta kada ta zame daga dogo. In ma'aikaci ya ja wani mariƙi, sai harsunan nan su matsa gefe guda, leɓen ƙafar jirgi ya bi inda suka nuna masa. Watau direba ba shi ne ya ke zaɓen hanya ba. Mutumin da ke ƙasa shi ke buɗe masa ita. Aikin direba shi ne tashi, da gudu, da tsayawa.

Ga wata tambaya kuma. Tsohon dogon ƙasarmu ƙwaya ɗaya ne tsakanin gari da gari, mai zuwa da mai komowa duk shi su ke bi. Me zai hana jirgin da ya taso daga Funtuwa ya yi karo da wanda ya taso daga Zariya?

Dabara biyu aka yi. Ta fari ita ce sigina. Wani dogon ƙarfe ne a bakin tasha, da hannu a samansa. In hannun ya miƙe sosai, ma'anarsa a tsaya. In ya karkata, hanya ta buɗe. Da dare kuwa fitila ke magana: ja, tsaya, kore, wuce. Dabara ta biyu ita ce wata alama ta ƙarfe da a ke ba direba a hannu. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata akwai na'ura biyu da aka gama da waya, ɗaya a nan ɗaya a can. An ƙera su yadda alama guda tak ke iya fita a lokaci ɗaya. Direban da ba shi da alamar nan ba shi da iznin shiga wannan yanki na dogo, ko da Sarki ya ɗauko. In ya isa tasha ta gaba sai ya miƙa ta, a mayar cikin na'ura, sa'an nan a iya ba wani. A tasha kuwa dogo ya kan rabu biyu ko fi, domin jirgi ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce.

A babbar mararraba kamar Zariya akwai wani aiki kuma, shi ne rarraba taragu. Jirgin kaya ya kan taso daga Ikko da taragu masu yawa, waɗansu na Kano, waɗansu na Gusau, waɗansu na Zariya kanta. Sai a kwance su, ƙaramin inji ya riƙa tura kowanne layinsa, kamar yadda makiyayi ya ke ware tumakin kowane gida da yamma. In an gama, a ɗaura na kowace hanya a bayan injinsu.

Injunan dā da kwal da ruwa su ke aiki. Kwal daga Inugu a ke kawo shi. Mai zuba wuta ya riƙa ɗibarsa da shebur yana jefawa cikin murhu, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Saboda haka a babbar tasha sai da tankin ruwa, da tarin kwal, da rumfar gyaran injuna. Daga 1955 aka fara kawo injuna masu shan man dizal, sannu a hankali masu hayaƙin nan suka ƙare. A shekarar nan ta 1955 ce kuma aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Ku duba yawan mutanen da tafiyar jirgi guda ta rataya a wuyansu: shugaban tasha, da mai sigina, da mai juya harsunan dogo, da direba, da mai zuba wuta, da mai sayar da tikiti, da leburan da ke bin dogo da ƙafa suna duba ko wani ƙarfe ya kwance. In ɗaya daga cikinsu ya yi barci a bakin aiki, rayukan ɗaruruwan mutane sun shiga hatsari. Gaskiyar Hausawa da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina Ruwan Manomin Batsari?

Kafin zuwan dogo, fatauci da ƙafa a ke yinsa. Ayarin raƙuma ya kan ƙetare hamada ya zo Katsina da Kano. Fatake kuma su kan kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni kafin su komo. Jaki kuwa mangala ɗaya ya ke ɗauka, ga shi sai ya ci, sai ya sha, sai ya huta. Saboda haka ba a kai kaya nesa sai masu tsada marasa nauyi. Wa zai kora jaki da buhun gyaɗa har bakin teku? Kafin ya isa, kuɗin guzuri ya cinye kuɗin gyaɗar.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara jaki yana ɗaukar buhu 1, tarago kuma yana ɗaukar buhu 300. In inji ya ja taragu 20, buhu 6,000 ke nan, watau aikin jakuna 6,000. Tafiyar da ayari ya kan yi makonni yana yi kuwa, jirgi ya kan yi ta cikin 'yan kwanaki.

Nan da nan sai gyaɗa ta yi daraja. Tun daga 1912 manoman ƙasar Kano suka dukufa nomanta, na ƙasar Katsina ma suka bi. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa saye, har aka riƙa jera buhuna a Kano kamar duwatsu, ana ce da su dalar gyaɗa, suna jiran jirgi. Auduga ma haka. Kamfanin auduga na Ingila da a ke kira BCGA ya kafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi. A nan a ke raba auduga da gurya, a matse ta a ɗaure, a sa a tarago.

To, bi sawun buhu guda na gyaɗa daga gonar wani manomi a ƙasar Ruma. Ya kai shi kasuwa a kan jaki, ɗan baranda ya saya. Mota ta ɗauka zuwa bakin dogo, ko Kano ko Funtuwa. Ko ta wace hanya ya bi, tilas ya ratsa Zariya, gama duk hanyoyin nan biyu a can suka haɗu. Daga nan sai Kaduna, sai bakin teku, sai jirgin ruwa zuwa Turai, inda za a matse mai. Taragun da suka tafi da gyaɗa da auduga da fatu da shanu kuwa ba su komowa wofi. Su kan zo da gishiri, da kananzir, da atamfa, da kwanon rufi, da goro daga ƙasar Yarabawa. Kun ga ashe goron da aka raba a sunan kakanku, mai yiwuwa ne ya kwana a tashar Zariya.

Amma kowane abu da amfaninsa da kuma hasararsa. Da ciniki ya juya ya fuskanci teku, sai fataucin hamada ya yi rauni. Birnin Katsina, wanda dā ya ke masaukin ayari, bai sami dogo ba. Masaƙa da marina kuma suka gamu da kishiya, watau tufafin kanti masu araha. Turawan mulki ma ba don tausayin matafiya suka shimfiɗa dogo ba; babban nufinsu shi ne fitar da amfanin ƙasa zuwa masana'antunsu. Shi ya sa in kun duba taswira za ku ga tsofaffin layukan duka teku suka nufa.

Garuruwan Da Dogo Ya Raya

Mun ce gari ya kan tsiro a mararraba. Haka ya faru a Zariya. Ba a cikin ganuwa aka gina tasha ba, sai can arewa da birni, ƙetaren rafin Kubanni. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa suka zo daga kudu da sauran wurare, suka zauna kusa da tasha, wurin ya zama Sabon Gari. Kamfanoni suka gina kantuna da ɗakunan ajiya a bakin dogo. Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe suka ci kasuwa ɗaya, kowa ya koyi ɗan abu daga harshen ɗan'uwansa. Hukumar jiragen ƙasa kuma ta sanya babban ofishinta na gundumar Arewa a Zariya.

Funtuwa ma ɗan ƙaramin gari ne kafin jirgi ya zo. Dogo da auduga suka ɗaga ta, har ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Katsina. Gusau ma haka.

Jiya Da Gobe

Zamani riga ne. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka yi ta shimfiɗa titunan kwalta, manyan motoci suka yawaita. Mota kuwa tana zuwa har ƙofar gida, jirgi sai tasha. Sa'an nan aka yi babban fari a 1973, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace. Ƙasa ta koma dogara ga man fetur. Dogo ya tsufa, injuna suka lalace, ba a gyara su yadda ya kamata ba. Sai zirga-zirgar jirage ta ragu ƙwarai, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa. Kayan da dā jirgi ke ɗauka suka koma kan titi, titi ya riƙa fashewa saboda nauyi, kuɗin mota kuma ya hau kan farashin kaya.

Daga baya aka farga. Aka fara shimfiɗa sabon dogo mai faɗin milimita 1,435, wanda ya fi tsohon faɗi, gama tsohon milimita 1,067 ne. A 2016 aka buɗe na tsakanin Abuja da Kaduna, a 2021 kuma na tsakanin Legas da Ibadan. A shekarar nan ta 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano. A watan Fabrairu na wannan shekara kuma aka aza harsashin wani dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. An shirya ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jibiya kuwa maƙwabciyar Batsari ce. Ku lura fa, jirgin sabon dogo ba shi iya hawa tsohon dogo, daidai da abin da ya faru tsakanin dogon Jos da na Kano a Zariya.

Gargaɗi

Tun da ya ke dogo yana matsowa kusa da ku, ga abubuwa uku da za ku riƙe.

Na ɗaya, jirgi ba shi iya kaucewa, ba shi kuma iya tsayawa nan take. Saboda nauyinsa, ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Kada ku yi wasa a kan dogo, kada ku zauna a kansa. In za ku ƙetare, ku tsaya, ku duba dama da hagun, ku saurara.

Na biyu, in kuna kiwo, ku kau da dabbobinku nesa da dogo. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, dogo dukiyar jama'a ce. Wanda ya kwance ƙarfe ɗaya ya sayar, ya sami 'yan kuɗi kaɗan, amma yana iya kifar da jirgi cike da mutane, watakila ma har da danginsa a ciki.

Sabon dogo zai bukaci direbobi, da injiniyoyi, da masu sigina, da shugabannin tasha. Dukansu kuwa sai sun iya karatu da lissafi, sai kuma sun zama masu kiyaye lokaci da riƙon amana. A aji irin wanda ku ke zaune a ciki yanzu a ke fara koyon waɗannan.

Tambayoyi

1. Mece ce mararraba? Faɗi sunan mararrabar jirgi uku a Nijeriya.
2. Daga wane gari aka fara shimfiɗa dogon Arewa a 1907? Me ya sa aka zaɓe shi?
3. Zana hanyoyi huɗu da suka haɗu a Zariya kafin 1957.
4. Don me a ke sauke kayan Jos a Zariya a sake lodinsu?
5. Bayyana dabara biyu da ke hana jirage karo.
6. In tarago yana ɗaukar buhu 300, taragu nawa za su kwashe buhu 4,500?
7. Tambayi wani dattijo a garinku ko ya taɓa shiga jirgin ƙasa. Rubuta abin da ya gaya maka.